Allurar Talata da Lambun Baba

Talata, 4:30 na yamma

Nas ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da na ci da yadda ya wuce. To ga littafi. Yau na ci ayaba biyu da dankalin da aka dama ya koma kamar abincin jarirai. Ya wuce. Sauran shafin kuma ba zan bar shi fari ba, ni ba na son asara.

Bari in rubuta abin da likita ya ce tun ban manta ba. Hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki ce ta kumbura ta ƙuntace, shi ya sa abu ke tsaya mini. Ya ce borin jini ne. Sun ɗiɗɗiga ruwa iri-iri a hannuna, suka tsattsaga da tsinin allura, wuri uku suka tashi: ciyawa, wata ciyawar, da kuma wata ciyawar. Na yi dariya har nas ta ɗago ta dube ni. Shekara goma sha tara ina sayar da dashe da ciyawar shimfiɗa a lambun da Baba ya bar mana, yau kuma a ce jikina ba ya shiri da ciyawa.

An hana ni madara da alkama. An ba ni maganin fesawa, safe da yamma. Sai allura kowace Talata: za a riƙa sa mini ɗan ƙanƙanin abin da jikina ya tsana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya gaji da faɗa ya saba. Yau aka yi ta farko.

Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malama, allurar nan ba ta sauri, kuma ba kowa take wa aiki a wannan ciwon ba. Maganin fesawar ne zai riƙe ki kafin ta kama. Bayan sati takwas za mu sake zura kyamara mu gani. In kumburin bai sauka ba, sai dai ki haƙura da lambun."

Na ɗauki jakata na fito. Ba zan bar lambun ba.

Laraba, 8:10 na safe

Yaya ta zo tun ban gama share tsakar gida ba. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, kuma har gobe a idonta shekarata tara. Ta tarar da ni na fesa maganin a baki ina haɗiyewa, ta saki jakarta a kan kujera.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Kamar haka na ji likita ya ce, Yaya. A fesa a haɗiye."

"A haɗiye? Wannan? Barcin allurar da suka yi miki kafin zura kyamara ne bai sake ki ba lokacin da yake magana. Shekara ashirin da biyu ina fama da asma, irin wannan abin yana jakata dare da rana, ban taɓa jin wanda ya haɗiye shi ba. Miƙo kwalin."

Ta zaro takardar da ke ciki ta shimfiɗa a kan tebur. Ga hoton mutum nan ya kafa abin a baki, ga kibiya ta nufi huhunsa. Gaskiya ranar kaina a cushe yake, rabin maganar likita ta bayan kunnena ta bi. Yaya ta koya mini: a fitar da numfashi, a danna, a ja har ƙasa, a riƙe ana ƙirga goma, sannan a kuskure baki a sha ruwa. Sai da na yi sau uku ta ce na fara zama mutum.

Na ji daɗi da ta zo. Gara da aka gyara mini tun da wuri.

Juma'a, 1:00 na rana

Miyar kabewa, an markaɗe. Ta wuce.

Talata, 10:40 na safe. Allura ta biyu

Bayan allura dole a zauna minti talatin a gaban nas, ko da jiki zai yi bore. Kujeru shida ne a ɗakin, agogon bango ɗaya, da fanka mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Nas doguwa ce, gilashinta a kan hanci, ba ta dariya sai da dalili.

Akwai wani dattijo mai kiwon zuma da ke zuwa rana ɗaya da ni. Shi dafin ƙudan zuma ake sa masa. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa, ya buga cinya.

"Ashe 'yar'uwa ce! Ni zuma, ke ciyawa. Abin da ke ciyar da mu shi ke neman ranmu."

"Shekararka nawa kana zuwa, Baba?"

"Biyu. Watan jiya uku suka harbe ni a kunne, na tsaya ina jiran mutuwa, ba ta zo ba, na ci gaba da aikina."

Na koma lambu da ƙarfina. Na dasa lemo arba'in a baƙar leda kafin la'asar.

Lahadi, 2:15 na rana

Auta ta daina sa nama a tebur in ina zaune. Ba wanda ya hana ta. Sai ta kai wa babanta nasa ɗaki, ita kuma ta ci nata a tsaye a kicin. In na kai cokali baki ba fuskata take kallo ba, wuyana take kallo. Shekararta goma sha bakwai, kuma ita kaɗai ce a gida waccan Lahadin da nama ya tsaya mini. Ita ta fita titi ba takalmi ta tare mota.

Ba zan rubuta waccan Lahadin ba.

Talata, 11:00 na safe. Allura ta huɗu

Hannu ya ɗan kumbura, nas ta sa ƙanƙara, ta auna da rula ta rubuta. Ta tambaya ko ina shan maganina, na ce safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba. Ta ce madalla.

Alhamis, 5:20 na yamma

Maƙwabcina mai sayar da motoci ya leƙo lambu, wai ya zo duba jiki. Yana gaishe ni idonsa na kan filin, tun daga rijiya har katangar baya. Har na ga leɓensa na motsi, ina jin motoci yake jerawa a ransa.

"Malama, lafiya ai ta fi komai. In kin ga abin ya yi miki nauyi, ni ɗan'uwa ne, ba sai an je nesa ba."

"Na gode. Ka kula, kana taka mini gwaiba."

Wa ya gaya masa? Ina zargin maigida, shi da bakinsa kamar famfon da ya lalace. Da na tambaye shi sai ya ce shi dai addu'a ya roƙa mini a wajen mutane.

Asabar, 7:30 na safe

Na gwada shinkafa, cokali uku. Na biyun ya tsaya a ƙirji kamar an cusa dutse. Na tashi na yi ta zagaye ɗaki ina kurɓar ruwa har ya sauka. Ban gaya wa kowa ba. Sati biyar ke nan, ya kamata a ce an fara ganin haske.

Litinin, 6:00 na yamma

Ayaba. Dankali. Miya. Sun wuce.

Talata, 10:50 na safe. Allura ta bakwai

Mai zuma ya ce na rame. Na ce ado ne. Ya ce to adon ya isa haka.

Yaya ta kira ta ce in yi mata gwaji a waya ta ji ko ina jan numfashin daidai. Na yi. Ta ce yanzu na fi ta iyawa.

Laraba, 3:00 na rana

Gobe kyamara. Ba ci ba sha daga tsakar dare. Ni da ba na cin komai dama, me za a hana ni?

Litinin, 12:30 na rana

Bai sauka ba.

Litinin, 5:45 na yamma

Likita ya juyo mini da allon kwamfuta na gani da idona. Zobe-zobe kamar cikin tiyon ban ruwa, da fararen ɗigo. Ya ce kamar ba a taɓa sa magani a wurin ba, shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya ce ciyawa na gab da yin fure, kuma ba ya son a sake kawo ni yadda aka kawo ni ranar nan. Allurar za a ci gaba, amma tana bukatar watanni, ni kuma ba ni da watanni in ina cikin ciyawa kullum.

Na ce na ji.

Daga asibiti lambu na wuce. Na zauna a kan baron Baba, wanda ƙafarsa ɗaya ta karye muka ɗaure da waya. Na dubi layin lemo, na dubi mangwaron da na yi wa aure da hannuna wata biyu da suka wuce, duk sun kama, ko ɗaya bai mutu ba. Na yi kuka sosai. Ina son wurin nan fiye da yadda nake son gidana, kuma ban ji kunyar rubuta haka ba.

Alhamis, 9:00 na safe

Na aika wa maƙwabci cewa ya zo ranar Asabar ta sama mu yi magana. Kalmar da za mu yi maganar a kanta ba za ta shiga littafin nan ba.

Asabar, 4:00 na yamma

Ban ci komai ba. Ba don ya ƙi wucewa ba.

Talata, 1:30 na rana. Allura ta goma

Dole in rubuta wannan.

Na makara da safe, na fito ban yi maganin fesawa ba, na jefa shi a jaka. Bayan allura ina zaune ina jiran minti talatin ɗina, na ce bari in yi kafin in manta. Na fitar da numfashi, na danna, na ja har ƙasa, na riƙe ina ƙirga goma kamar yadda aka koya mini. Ina kan bakwai na ga nas ta tsaya cak da tire a hannu.

"Malama, me kika yi yanzu?"

Na nuna mata da yatsa ta jira in kai goma. Sannan na ce, "Maganina."

"Shaƙa kika yi?"

"Eh mana."

"Tun yaushe kike shaƙa?"

"Tun ranar farko. To, tun rana ta biyu."

Ta ajiye tiren a hankali, ta cire gilashinta. "Huhunki lafiyarsa ƙalau, me zai yi da magani? Fesawa ake a baki a haɗiye, ya bi ta inda ciwon yake ya shafe shi. Kuma ba ci ba sha sai bayan minti talatin. Kina shan ruwa a kai?"

"Kofi guda."

Mai zuma ya ce, "Innalillahi," ya rufe baki da hula, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Ta ja ni har ofishin likita ba layi. Da ya ji, ya dafe goshi ya daɗe. Ya ce takardar cikin kwalin ta masu asma ce, su aron maganin suke yi don wannan ciwon, kuma laifinsa ne da bai sa na gwada a gabansa ba, ya yi mini bayani ina cikin magagin allurar barci. Ban taɓa jin likita ya ce laifinsa ne ba, har na rasa inda zan sa idona.

"Ke nan maganin bai gaza ba?" na ce.

"Bai ma fara ba, Malama. Sati tara kina ba huhu abincin maƙogwaro."

Ya ba ni wasu sati takwas. Sharaɗi: takunkumi a lambu, ba ni ba yankan ciyawa, ba ni ba kusa da inji in ana yanka. In wani abu ya tsaya ko sau ɗaya, in zo a ranar.

Na fito ina dariya ina hawaye, mai gadi ya matsa mini hanya da sauri.

Talata, 6:00 na yamma

Na fesa, na haɗiye. Ɗaci kamar me. Ban taɓa jin daɗin ɗaci haka ba.

Na aika wa maƙwabci cewa Asabar ba za ta yiwu ba.

Laraba, 8:30 na safe

Yanzu saura Yaya. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Sati tara! Na kusa rabuwa da lambun Baba saboda ita ta fi kowa sani. Na ɗauki waya sau biyu na ajiye.

Alhamis, 5:00 na yamma

Na je gidanta. Tana tsintar wake a tire, na zauna na faɗa mata tiryan-tiryan, ban ƙara ba ban rage ba.

"Ƙarya ne," ta ce. "Ba ni lambar nas ɗin."

Na ba ta. Ta kira a gabana, ta fara da shekara ashirin da biyu. Daga nan sai na ji tana "eh," "to," "eh," muryar na ƙara ƙanƙancewa. Ta kashe wayar ta ci gaba da tsintar wake, tana jefa masu kyau cikin tsakuwa.

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni ce, sai da na ce, "Na gaya miki haka na ji, Yaya. Ba ki taɓa yarda cewa ni ma ina da kunne ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki gaida gida."

Lahadi, 3:00 na rana

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Talata, 11:15 na safe. Allura ta goma sha ɗaya

Ina zaune ina kallon agogo na yi ta tunani. Ni fa na ji daidai. Da kunnena na ji likita ya ce a haɗiye, kuma kowace Talata ina gaban nas minti talatin ba abin da nake yi sai kallon fanka. Tambaya ɗaya ta isa. Ban yi ba, saboda Yaya ta riga ta faɗa, ni kuma tun ina 'yar shekara tara in ta faɗa an gama. Shekarata arba'in da huɗu. Wannan ba laifinta ba ne ita kaɗai.

Juma'a, 7:20 na safe

Ina buɗe ƙofa na gan ta a tsaye da leda a hannu, idanunta sun kumbura. Ba gaisuwa. Ta wuce ciki ta zaro agogon kicin, irin mai ƙararrawa da ake murɗawa, ta dangwara a tebur.

"Kin yi na safe?"

"Yanzu zan yi."

"Yi in gani."

Na fesa na haɗiye. Ta yamutsa fuska kamar ita ce ta ji ɗacin, ta murɗa agogon zuwa talatin, ta ɗauke jug ɗin ruwa ta rungume a cinyarta. Muka zauna muna jira. Wajen minti na ashirin ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da wani abu ya same ki, da me zan je in ce wa Inna?"

Na ce, "Yaya, ki yafe mini maganar da na faɗa."

"Gaskiya kika faɗa. Rufe bakin, kar maganin ya fita."

Litinin, 1:00 na rana

Sati biyu da haɗiya. Taliyar shinkafa mai laushi. Ta wuce ban ma lura ba, sai da na ga kwano ba komai.

Talata, 10:30 na safe. Allura ta goma sha huɗu

Hannu ya kumbura sosai yau, nas ta ce mako mai zuwa ba za a ƙara ba, za a maimaita wannan. Na ji haushi. Mai zuma ya ce shi sau uku aka maimaita masa, kuma ga shi nan. Tun ranar nan ya sa mini suna Mai Huhu Lafiya, duk ɗakin sun ɗauka.

Alhamis, 4:40 na yamma

An yanka ciyawa yau, ni ina zaune a shagon mai walda can tsallaken titi kamar baƙuwa, ina nuna inda aka tsallake da hannu. Da na dawo atishawa biyu kawai na yi. Bara war haka sai na kwana ido na ruwa, ina cewa mura ce. Ban sani ba ko allurar ce ta fara, ko takunkumi ne. Ba zan yi saurin murna ba. Amma na ɗan yi.

Lahadi, 2:30 na rana

Shinkafa, rabin faranti, a tebur tare da kowa. Maigida ya fara tafi na harare shi. Auta ta tashi ta shiga kicin ta daɗe, ta fito ido jajir tana cewa albasa ce.

Laraba, 3:10 na rana

Gobe kyamara. Na je na shayar da mangwaro ɗaya bayan ɗaya da bokiti, alhali ga tiyo.

Litinin, 2:00 na rana

Yaya ta ce da ita za a shiga. Ta zo da biro da takarda, ta ce wa likita, "Duk abin da za ka faɗa, faɗa a hankali, kuma ita za ta maimaita maka."

Ya juyo da allon. Ban san karatun hoton ba, amma na ga fararen ɗigon nan babu, wurin ya yi sumul. Ya ce kumburin ya sauka sosai, bai tafi duka ba, kuma ciwon ba mai warkewa a manta ba ne. Magani zai ci gaba. Allura za ta koma wata-wata in an kai ƙarshen ƙari, shekara uku aƙalla. Madara da alkama sai nan gaba a gwada ɗaya-ɗaya.

Na ce, "Likita, ni abu ɗaya na zo ji."

"Ki koma lambunki, Malama."

Yaya ta rubuta wannan ma, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

A hanya ta rantse cewa daga yau ba za ta sake koya mini komai ba a duniya. Ba mu kai bakin titi ba ta tsayar da ni, wai na ɗaura takunkumin a juye. Na cire na duba da kyau. Daidai yake. Na faɗa mata, na mayar yadda yake, ta dube ni ta dube shi ta ce, "To."

Talata, 6:50 na safe

Maƙwabci ya tare ni a ƙofar lambu ina buɗe kwaɗo, ya ce ya ji jiki ya yi sauƙi, amma maganarmu fa? Na ce akwai magana: motocinsa biyu sun tokare mini hanya, kuma ƙarfe tara motar da ke kawo mini taki za ta shigo.